Daga Kamfanin Ashana Zuwa Tsakar Gida: Tarihin Kiyaye Lafiya A Wurin Sana'a

  Na san da yawanku yanzu haka rediyo na gefe hannu na kan aiki. Wata tana matsar man gyaɗa, wata tana ɗinkin hula, wata kuma ta zauna haɗa sabulu. To madalla, kada wadda ta ajiye, domin zancen namu na yau a kan aikin yake.

In aka ce kiyaye lafiya a wurin aiki, abin da ke faɗo wa mace a rai shi ne namiji da hular kwano a kamfanin siminti ko a masaƙa. Sai ta ce wannan bai shafe ta ba, tunda ita ba fita take yi ba. Alhali da yawa daga cikin ƙa'idojin nan da ake mannawa a bangon masana'antu, irin su kada a ci abinci a inda ake aiki, a wanke hannu kafin a kai shi baki, a sake tufafi kafin a koma gida, sai da mata suka rasa lafiyarsu, wasu ma rayukansu, kafin a yarda a rubuta su. Yau zan ba ku tarihin wurare uku: wani kamfanin ashana a birnin Landan, da wani kamfanin fentin agogo a Amurka, sai kuma wasu ƙauyukanmu na Zamfara. Abu ɗaya ne ya haɗa su. Guba ce da take tare da kayan aiki, ido ba ya ganin ta, ta bi hannu ko numfashi ta shiga jiki.

Kafin mu shiga, bari mu ɗan koma baya kaɗan. A shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a. Ya bi masu haƙar ma'adinai da magina tukwane da masu fenti ya duba irin ciwon da kowace sana'a ke haifarwa, bai kuma manta da mata ba, domin ya yi magana a kan unguwarzoma da masu wankau da masu shayar da 'ya'yan wasu. Shawarar da ya ba likitoci ita ce, in mara lafiya ya zo, bayan tambayoyin da aka saba yi, a ƙara da tambayarsa sana'ar da yake yi. Ku riƙe wannan tambaya a ranku, za ku ga abin da rashin yin ta ya jawo.

To bari mu fara da ashana. A gabashin Landan, a wata unguwar talakawa da ake kira Bow, akwai kamfanin Bryant & May, wanda a zamaninsa yana cikin manyan masu yin ashana a Ingila. Yawancin ma'aikatansa mata ne da 'yan mata, wasu ba su wuce shekara 14 ko 15 ba. Suna shiga tun da sassafe su wuni a tsaye, in yarinya ta makara ko ta yi hira ko ta bar teburinta a hargitse sai a ci tararta daga ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wasu matan da ba sa zuwa kamfanin, a gida suke haɗa kwalayen ashana su da 'ya'yansu, ana biyansu a kan kowane kwali 144.

Babbar matsalar tana kan ashanar kanta. A wancan lokaci ana yin kanta da wani sinadari da ake kira farin fosforas. Shi ne ke sa ashana ta kama da an goga ta a bango ko a ƙasan takalmi. Amma tururinsa da ɓurɓushinsa guba ne. Matan nan suna shaƙarsa wuni guda, kuma da yake babu ɗakin cin abinci, a nan kan teburin aikin suke ɓalla burodinsu da hannun da ya taɓa shi. Mai ruɓaɓɓen haƙori ta fi shiga haɗari. Ciwon yakan fara kamar ciwon haƙori, sai dasashi ya kumbura, sai mugunya mai wari, daga nan ƙashin muƙamuƙi ya fara ruɓewa. Sau da yawa babu abin da likita zai iya yi illa ya yanke muƙamuƙin, in kuwa aka bari sai ya kai ga rai. Tun wajen 1840 likitoci a Turai suka gane wannan ciwo, suka kuma san daga ina yake. Ƙasar Finlan ta hana amfani da farin fosforas tun 1872, Denmak ta biyo baya a 1874. A Ingila kuwa aka ci gaba, saboda ya fi araha kuma masu saye sun saba da shi.

A ranar 23 ga watan Yuni 1888 wata marubuciya mai suna Annie Besant ta buga labarin halin da matan nan ke ciki a wata 'yar jarida. Shugabannin kamfani suka fusata, suka nemi ma'aikatan su sa hannu a takarda cewa su lafiya lau suke zaune. Matan suka ƙi. Da aka kori ɗaya daga cikinsu a farkon watan Yuli, sai kusan mata 1,400 suka ajiye aiki suka fito. Ba su da ƙungiya, ba su da asusu, kuma su da kansu suka fara, daga baya ne suka je wurin Annie Besant neman taimako. Bayan kimanin mako biyu kamfanin ya sauko. Aka soke tarar, aka mayar da wadda aka kora, aka kuma yarda a ware musu wani ɗaki dabam na cin abinci, nesa da fosforas. Kun ji fa, 'yan'uwa. Ɗakin cin abinci kawai, sai da aka yi yajin aiki kafin a same shi.

Sai dai ɗakin bai kawar da ciwon ba, tunda gubar tana nan a hannunsu. A 1891 wata ƙungiyar agaji ta Kiristoci mai suna Salvation Army ta buɗe nata kamfanin ashanar a kusa da wurin, tana amfani da jan fosforas wanda ba ya ruɓar da ƙashi, domin ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Amma ashanarta ta fi tsada, ciniki ya yi mata wuya. A 1898 aka gano kamfanin Bryant & May yana ɓoye ma'aikatansa da suka kamu, aka ci tararsa. A wannan shekarar ce kuma wasu masana biyu a Faransa suka samo wani haɗin da ke kamawa da sauri ba tare da wannan illa ba. A 1906 wasu ƙasashe suka taru a birnin Bern na Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar daina amfani da farin fosforas, Ingila kuma ta yi tata dokar a 1908. Daga nan ne ciwon ya ɓace. Ashanar da ke kicin ɗinki yau, wannan gefen kwalin da kike gogawa, jan fosforas ne a jikinsa, shi ya sa ba za ta cuce ki ta wannan hanya ba.

Yanzu mu tsallaka teku zuwa Amurka, shekara 29 bayan yajin aikin 'yan ashana. A 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji kuma suna buƙatar agogon da za su iya gani da dare ba tare da kunna fitila ba. A garin Orange na jihar New Jersey, wani kamfani da aka sani da United States Radium Corporation ya ɗauki 'yan mata aikin shafa wa lambobin fuskar agogo wani fenti mai haske cikin duhu. Abin da ke ba shi haske shi ne radiyam, wani sinadari da Marie Curie da mijinta suka gano a 1898. Aiki ne mai tsabta a ido, ga albashi mai kyau, yarinya na iya fentin fuskar agogo kusan 250 a rana. Kowa sha'awarsu yake yi.

Lambobin agogo ƙanana ne, sai da buroshi mai tsini. Da an yi shafa biyu ko uku sai gashin buroshin ya baje. To sai aka koya musu su riƙa sa shi tsakanin leɓɓansu suna tsotsa ya koma tsini, kamar yadda mai ɗinki ke lasar zare kafin ta zura shi a allura. Wasu sun tambaya ko akwai illa, aka ce musu babu. A lokacin ma ana sayar da ruwan radiyam a kwalba a matsayin maganin ƙarin ƙarfi. 'Yan matan har shafa shi suke yi a farce da haƙora don wasa, in sun taso da yamma gashinsu da rigunansu na walƙiya a hanya. Amma a cikin kamfanin nan dai, mazan da ke ɗakin bincike ba sa taɓa radiyam da hannu, da awartaki suke ɗauka, suna kuma kare jikinsu da faifan dalma.

Illar radiyam ita ce jiki yana ɗaukarsa tamkar kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi. Da an haɗiye shi sai ya je ya zauna cikin ƙasusuwa, yana fitar da wani tururi mai ƙuna da ba a gani, yana cin ƙashi da ɓargo a hankali shekara da shekaru. Wata yarinya mai suna Mollie Maggia ta fara da ciwon haƙori. Aka cire ɗaya, wurin ya ƙi warkewa, aka cire na kusa da shi, har ta kai likitan haƙora ya taɓa muƙamuƙinta ƙashin ya ɓalle a hannunsa. Ta rasu a watan Satumba 1922 tana da shekara 24, aka rubuta a takarda cewa tunjere ne ya kashe ta. Ku dubi wannan zalunci, ga rashi ga ɓata suna. Sai a 1927 da aka tono gawarta aka auna, aka tarar babu alamar tunjere, ƙasusuwanta cike suke da radiyam.

A 1924 kamfanin da kansa ya ɗauko masana daga jami'ar Harvard su bincika. Da suka ce fentin ne, sai kamfanin ya danne rahoton. A 1925 wani likitan gwamnati mai suna Harrison Martland ya auna numfashin matan da ƙasusuwan waɗanda suka rasu, ya tabbatar da radiyam ne. Wata daga cikinsu, Grace Fryer, wadda ta bar aikin tun 1920 ta koma banki amma ƙashin bayanta ya lalace, ta yi shekara biyu tana neman lauyan da zai karɓi ƙararta. Dokar jihar ta ce sai cikin shekara biyu ake kai ƙara, ciwon kuwa yakan yi shekara biyar bai bayyana ba. A 1927 ita da wasu mata huɗu suka shigar da ƙara, biyu daga cikinsu 'yan'uwan Mollie ne ciki ɗaya. A watan Yuni 1928 aka sasanta, kowacce ta sami dala 10,000 da kuma dala 600 duk shekara, da kuɗin magani. Grace Fryer ta rasu a 1933. A wata jihar kuma, Illinois, wata mai suna Catherine Donohue ta ba da shaida tana kwance a gidanta a 1938, ta ci nasara, ta rasu a shekarar.

Abin lura a nan shi ne, da aka hana sa buroshi a baki tun wajen 1925, aka kuma kawo tsabtace wurin aiki, waɗanda suka shiga aikin daga baya ba su gamu da irin wannan bala'i na ƙashi kamar na farkon ba. A 1941 Amurka ta ƙayyade iyakar radiyam ɗin da aka yarda a samu a jikin ma'aikaci, kuma daga jikin matan nan aka samo wani ɓangare na ilimin da aka yi ƙayyadewar da shi.

Wata za ta ce to ai duk wannan a kamfanonin Turawa ne. Shi ya sa labari na uku zai dawo da mu gida, domin shi a tsakar gida ya faru, a gidaje irin namu. A 2009 farashin zinare a duniya ya haura dala 1,000 a kan kowace oza. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, manoma da yawa suka koma haƙar dutsen zinare. Maza su haƙo, su kawo dutsen gida cikin buhu. Da yake mata ba sa fita, aikin ne ya shigo ya same su: a farfasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a shanya a tsakar gida. Mace ta sami abin kanta ba tare da ta taka ƙofar zaure ba. Abin da babu wanda ya sani shi ne, dutsen da aka faɗa kansa a lokacin cike yake da dalma.

Ƙurar ta bi ko'ina, ta sauka a tabarma, a ƙwarya, a kan hatsin da aka shanya, a ƙasar da yara ke rarrafe. Yaro kuwa kun san shi, komai ya taɓa sai baki, kuma cikinsa yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba. Mai juna biyu ma tana iya miƙa wa ɗan cikinta. Tun kafin yara su fara faɗuwa, mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu suna ta mutuwa, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa gargaɗi ne. Daga nan sai yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, cikin 'yan kwanaki a rasa su. Aka yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani bai yi aiki ba. A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa da ake kira MSF suka ga yawan sababbin kaburburan yara ya wuce hankali. Sai da aka dubi irin aikin da ake yi a gidajen, aka aika jini Turai aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce.

Masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun shiga ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Biyu cikin kowane gida uku ana sarrafa dutsen a cikinsa. Cikin yara 204 da aka auna jininsu babu wanda ya kuɓuta, 198 daga cikinsu dalmar ta kai matakin da dole a fara ba su maganin wanke jini. A wasu wurare an tarar kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce. An ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin baki ɗaya sun kai 400. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda suka makance ko suka kurmance, akwai kuma waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Ba laifin iyayen nan mata ba ne, 'yan'uwa. Neman halak suke yi, kuma kamar 'yan agogo, babu wanda ya gaya musu abin da ke hannunsu.

Maganin wanke jini yana nan, na sha ne, amma likitoci suka ce ba shi da amfani in yaro zai koma rarrafe a ƙasar da ta ba shi ciwon. Saboda haka sai da aka fara da gida. Aka fitar da daka da niƙan dutse daga cikin gari. Aka bi gida-gida da fartanya ana kankare ƙasar sama, a zuba a buhu a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Tsakanin 2010 da 2011 aka gyara ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kiraye-kiraye. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Daga baya aka gwada koya wa masu haƙa su riƙa fesa ruwa lokacin niƙa, aka auna aka ga dalmar da ke tashi cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Aka kuma yi musu wurin wanka da sake tufafi, da wurin cin abinci dabam, wato abin da 'yan ashana suka nema tun 1888. MSF ta yi wa yara fiye da 3,500 maganin wanke jini kafin ta miƙa aikin ga gwamnatin Zamfara a 2022.

To uwargida, me za ki ɗauka daga nan? Najeriya tana da dokar masana'antu tun 1987, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta yi yarjejeniya a kan masu aiki a gida a 1996. Amma kin san babu jami'in da zai yi sallama a zaurenku ya ce ya zo duba inda kike haɗa sabulu. A gidanki ke ce ma'aikaciya, ke ce kuma mai dubawa.

Abu na farko, ki san abin da ke hannunki. Duk kayan da aka kawo miki ki sarrafa, dutse ne, garin rini ne, ko wani ruwa a jarka, ki tambayi sunansa da illarsa kafin ki taɓa. In akwai wanda zai yi aikin ba tare da illa ba, ki zaɓe shi ko da ya ɗan fi tsada, domin a Landan ma sai da aka cire gubar baki ɗaya ciwon ya ƙare. Akwai kuma aikin da bai kamata ya shigo gida ba sam, kamar dakan dutsen ma'adinai, da fasa tsohon batirin mota, da ƙona zaiba. Ko tozalin dutse ma, irin mai ƙyalli, yawancinsa dalma ne, bai dace da idon jariri ba.

Na biyu, ki raba sana'a da abinci. Turmin aiki dabam, na hatsi dabam. Robar soda ko ta rini kada ta koma ta jiƙa gero, komai wankin da aka yi mata. Kada ki ci ko ki tauna goro kina cikin aiki, kada kuma ki ba yaro nono sai kin wanke hannu da sabulu. Soda da kalanzir da fiya-fiya, kada ki kuskura ki zuba su a gorar lemo ko ta ruwa, domin ruwan soda a idon yaro ruwan sha ne. A rufe su, a yi musu alama, a ɗora sama inda hannunsa ba zai kai ba. In kuma tsautsayi ya sa ya sha, kada ki sa shi amai, kada ki tsaya ɗura masa manja, asibiti za a yi da shi nan take, a tafi da gorar don likita ya gani.

Na uku, ki kula da ƙura da hayaƙi. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Haɗa soda da rini da suya mai hayaƙi, a yi su a sarari inda iska ke wucewa, ba da goyo a baya ba. In za ki jiƙa soda, ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a kwara ruwa a kanta, kuma a roba mai ƙarfi, domin tana cin tukunyar alminiyam. Safar hannu ta roba ba ta kai kuɗin sabulu guda nawa ba. In ta fallatsar miki a ido ko fata, ki yi ta kwarara ruwa na tsawon minti 20 sannan a nemi likita.

Na huɗu ya shafi maigida da samarin gida. In aikinsu fenti ne, ko gyaran batir, ko feshin gona, ko haƙar ma'adinai, to gubar tana iya biyo rigarsu da takalminsu. Ki zauna da shi cikin ladabi ki ba shi labarin Zamfara, ki roƙe shi ya riƙa cire kayan aiki a zaure, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kayan kuma a wanke su dabam, kada a haɗa da na yara.

Na ƙarshe shi ne tambayar nan ta Ramazzini. In kin je asibiti, ke ko ɗanki, ko likita bai tambaya ba ki gaya masa sana'ar da ake yi a gidan, da abin da ake yin ta da shi. In kuma kin ga kaji ko agwagi suna mutuwa ba dalili, ko yara biyu uku a unguwa sun kwanta da ciwo iri ɗaya, kada ki yi shiru. Ki gaya wa maigida a sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya.

Ba cewa nake yi a bar sana'a ba, sana'ar mace ita ce rufin asirinta da na 'ya'yanta. A dai yi ta da sani, tunda Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wadda ta ji, don Allah ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta da ba ta samu saurare ba. Allah Ya jiƙan yaranmu da suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, ku huta lafiya.